Saƙon Sani Bayan Zaɓe

Salaga, daren Laraba, Disamba 1991

Yau direban motar goro ya iso daga Nijeriya da saƙon ɗana Sani: wai ya ci kujerar majalisar jiha. Ban gama hamdala ba direban ya ce, "Baba, ya ce kar ka je, kar ka aika wasiƙa. Ya gaya musu can aka haife shi, kuma ubansa ya rasu. In aka ji ɗan Gana ne, kujerar ta tafi."

Ni ne na rasu ke nan. Yaron da na binne cibiyarsa da hannuna a bayan ɗakin uwarsa.

Har da babbar riga mai aiki ya aiko mini. Na mayar wa direban. Na ce ya gaya masa, mu nan farin ƙyalle muke sa wa gawa.