Abin da ya hana Auta rubuta jarrabawa

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kuma kawo maka sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, Inna ta fara fitowa tsakar gida da sandarta, aikin walda kuma sai godiya, ƙofofin wani asibiti muke haɗawa. Na zaɓi rubutu ne maimakon kiran waya, don maganar ta fi ƙarfin bakina.

Auta ba ta rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon jinya ba, kuma ni ne sanadi. Shekara biyu 'yarka tana gidana tana shiri, ranar da ta zo na zame mata ƙarfen ƙafa. Da safen na ce ba za ta shiga motar haya ba, ni zan kai ta. A shataletalen kasuwa 'yan sanda suka tsayar da mu, wani matashi a cikinsu ya nemi takardun mota. Cikin ladabi ya nema, gaskiya ɗaya ce. Amma ka san halina, ni da na fara da injin aro har na kai ga ma'aikata bakwai, gani nake na wuce a tsayar da ni a titi. Na tambaye shi ko ya san da wa yake magana. Ga ƙarar injin yankan ƙarfe ta cinye mini kunne, hirata ma kamar faɗa take, balle in na hasala.

Takarduna cikakku ne, sai dai a akwatin kayan aiki nake ajiye su, ƙarƙashin kujera. Ban ce masa komai ba na sunkuya na jawo akwatin, na ɗago da guduma a hannu don in zaro su daga ƙasanta. Sai na ga ya ja da baya, hannunsa a kan bindiga, abokan aikinsa sun zagaye motar. Auta ce ta ɗora hannayenta inda kowa zai gani, ta gaya musu a hankali cewa baffanta mai walda ne, takardu yake nema, sannan ta roƙe ni in ajiye gudumar in daina motsi. Muryarta ko rawa ba ta yi ba.

Suka wuce da mu ofishinsu. Bayan tambayoyi, babbansu ya zaunar da ni a gaban yarinyar, ya ce gobe in riƙa faɗin abin da zan ɗauko kafin in kai hannu. Da furfurata, kaina a ƙasa. Girman kai rawanin tsiya, an faɗa. Kafin mu isa makarantar an rufe ƙofa. Na roƙi mai gadi, ni da ban iya roƙo ba, ya ce sai baɗi.

A hanyar komawa ta ce kada in damu, za ta gaya maka ta rubuta ne ba ta ci ba. Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Idan ta faɗa maka haka kada ka yarda, kada kuma ka yi mata faɗa. Faɗan nawa ne, ina jiran sa, bayansa ina neman gafararka.

A gaida Maman yara, da Gwaggo, da Kawu direba. Inna tana gaishe ku. Ita ma ban gaya mata ba tukuna.

Ƙaninka,
Mai walda