Mangwaro Ukun da Ka Hana a Tuge

Zuwa ga Yayana Mamman, wanda ke kwance a maƙabartar Paraku.

Gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan makwanci ya yi maka faɗi da sanyi. Ni ne Garba na Jugu, mai taurin kan nan da ka sani. Har yau ban iya riƙe alƙalami ba, 'yata Hajara ce ke rubutawa, kuma na hana ta gyara mini magana. Na ce a karanta wasiƙar nan a zaure bayan Juma'a, don masu yi mini dariya shekara da shekaru su ji da kunnensu.

Yaya, an maido gonar. Gonar Baba ta hanyar Kolokonde, daga bakin rafi har jan dutsen nan. Tun jiya na kasa zama. Sau uku na je na dawo, da wannan gwiwar tawa.

Ka tuna ranar da aka ba Baba ita. Ya gaji da fataucin goro, ya kai wa mai ƙasa na ƙabilar Yom, 'yan asalin Jugu, ƙwaryar goro da zakara. A al'adarsu baƙo yana iya noma doya da dawa a gonar aro, amma ba ya dasa itace, domin wanda aka bari ya dasa itace, ƙasar ta zama tasa. Tsohon nan da hannunsa ya sa dashen mangwaro uku a rami, ya ce Baba ya rufe. Kai ka yi rani biyu kana ɗebo musu ruwa daga rafi. Ni ina gefe ina cin gyaɗa, ban musa ba.

Da aka sami mulkin kai muka yi rawa, wai ƙasa ta dawo hannun 'ya'yanta. Ashe ba da mu ake ba. Zamanin juyin juya hali, da kowa ya zama kamarad, suka zo da tarakta da jandarma biyu, suka ce gonar ta zama ta koferatif, ƙungiyar noman gwamnati, auduga za a shuka. Wani mushe, ma'aikacin gwamnati da na girmi ubansa, ya tambaye ni takardar gonar. Na ce masa Baba ba a kanti ya sayi gona ba. Ya ce ai mu baƙi ne. Mu da aka binne cibiyarmu a Jugu.

Suka ce mu dangwala yatsa, wai da son ranmu muka bayar. Na cusa hannuwana a hammata. Kwana tara na yi a tsare, kuma har gobe ban manta fuskar wanda ya kwashe mini takalma ba.

Da na fito aka ce mini kai ka dangwala. Har ka ɗauki cinyar sa daga teburinka na fawa ka kai wa direban tarakta, don ya kauce wa mangwaron. Na tsaya a tsakiyar kasuwa na kira ka matsoraci, wanda ya ba da gadon ubansa saboda itace uku. Ka goge wuƙarka ka ce, "Garba, a dai bar su tsaye. Wata rana su za su yi mana magana."

Ka kwashe iyalinka ka koma Paraku. Sallah uku kana aiko da kilishi ina mayarwa. Na zo jana'izarka, amma a sahun baya na tsaya.

Koferatif ɗin ta mutu, taraktan ya yi tsatsa, awaki ke sha inuwa a ƙarƙashinsa. Ni kuwa ban fasa zuwa biron supirefe, hakimin gwamnati, neman gonar duk Litinin ba, har suka sa mini suna Tsohon Litinin. Makon jiya sai ga kwamiti ya zo duba filayen da aka karɓe. Na miƙe na ba su labarin yatsana da kwana taran, ina jira su jinjina. Suka ce gara ta cinye takardun wancan zamanin, ba a san wanda ya dangwala da wanda ya ƙi ba. Ka ji fa. Kwana tarana a cikin gara.

Sai jikan mai ƙasa, shi ma duk furfura yanzu, ya ce a taka zuwa gonar. Ya dafa babban mangwaron, ya tambaye su ko a ƙasar Yom sun taɓa ganin an bar ɗan aro ya dasa itace har ya yi wannan kaurin. Na ga shugaban kwamitin ya sunkuya yana rubutu.

Ban ce na yi kuskure ba, ka ji ni da kyau. Ƙwace ƙwace ne, ko an buga masa hatimi goma. Amma shaidun da suka tsaya mana, kai ka shayar da su, kai ka fanshe su. Kuma kilishin nan, Yaya, duk lokacin da na mayar sai na sansana takardar tukuna.

Jiya suka kawo sabuwar takarda, suka ce in dangwala. Jama'a suna jira in kai hannu hammata. Na dangwala na dama. Na sake shafa tawada na dangwala na hagu kusa da shi. Mushen da ya kawo ta ya ce ɗaya ya isa, wai na ɓata masa takarda. Na ce masa gonar ta mutum biyu ce, ɗayan bai sami zuwa ba.

Gobe zan hau taksin Paraku da kwandon mangwaro, in gaya wa 'ya'yanka rabi nasu ne, ɓangaren da itatuwan suke.

Allah ya gafarta maka, ya haɗa ka da Baba a inuwar da ta fi wannan. Ya sa ka yafe mini maganar kasuwa, tunda ban zo da bakina ba kana da rai. Amin.

Ƙanenka,
Garba, wanda yatsunsa biyu ke da tawada har yanzu, ya ƙi wankewa.