Ruwan Cukun Kum Obrad

Inna Zumreta, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle. Na daɗe ina karanta filin nan naki ina cewa oho, matsalar mutane ce, yau ga ta ta iso har ƙofata. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ko da yake garinmu ƙarami ne, wanda ya san mu zai gane mu tun kafin ya kai tsakiya.

Ni ce shugabar sashen da ke sa ido a kan ruwan da masana'antu ke sakowa cikin magudanar gari. Ma'aikatana su ne masu yawo da kwalabe, suna ɗaga murfin rami a bayan mayanka da gidajen rinin wandon jins, suna ɗibar ruwa mu gwada. Wanda ruwansa ya wuce ƙa'ida mu zauna da shi mu nuna masa gyara, in ya ƙi mu toshe masa bututu. Aiki ne da ba mai tuna ka sai ran da hancinsa ya ji wari. Maigidana Nusret har tsokanata yake yi, wai shi sarauniyar lambatu ya aura. Ina son aikina, Inna, wallahi ina son sa. Kogin da na tarar yana canza launi kamar hawainiya, yau kifi ya dawo cikinsa, tsofaffi na zama a gindin gada da ƙugiyoyinsu.

To ga inda gizo ke saƙar. Kin san yadda abin yake a wajenmu: wanda ya yi wa ɗanka askin fari ya zama kum, ya wuce ɗan'uwa na jini, ba a ɗaga masa murya, ba a kai shi ƙara. Kum ɗinmu Obrad ne mai cuku. Su Kirista ne, mu Musulmi, kuma almakashin askin nan tun zamanin kakansa yake zuwa gidan su Nusret. Mahaifinsa ne ya aske Nusret, shi kuma ya aske ɗana Elvedin. A lokacin yaƙi, a rumfar ciyawa da ke saman turken shanun su Obrad ne Nusret da mahaifiyarsa suka ɓuya har hanya ta buɗe. Ba a maganar a gidanmu, amma kowa na ɗauke da ita.

Yanzu jikana Nedim ya kusa shekara. Gashi ya rufe masa ido, uwarsa na ɗaure masa da zare, a kasuwa ana ce mata Allah ya raya 'yar budurwa. An sa ranar aski da zarar ƙanƙara ta narke a kan dutse, kuma Obrad ne zai riƙe almakashi. Ko in ce shi ne ya kamata ya riƙe.

Da can Obrad tukunya biyu gare shi, ruwan da ya tsiyaye daga cuku dabbobinsa ke shanyewa. Sai ɗansa Predrag ya dawo daga Jamus da injuna, suka shiga sayen madarar ƙauyukan kan dutse, suka sayar da dabbobin don a faɗaɗa wuri. Ruwan cuku ya yi yawa, ba mai sha, sai aka juya shi cikin magudana. Ita kuwa matatar ruwanmu ƙananan halittu ne ke cinye dauɗar da ke cikinta, kuma ruwan cuku ya fi ƙarfin cikinsu. Sai su ƙoshi su shaƙe, iska ta ƙare a ruwan, komai ya yi tsami. Wata safiya muka tashi kogi ya yi fari-fari daga gada zuwa ƙasa, kifaye sun juya ciki sama. Na tsaya a kan gadar na yi kuka, ba kunya.

Muka bi bututu, ya kai mu ƙofar Obrad. Ban iya zuwa da kaina ba, na tura mataimakiyata Dubravka da gargaɗin ofis, irin wanda muke ba kowa. A ciki akwai kalmar da muke sa wa kowa, wato yana zubar da ƙazanta.

Inna, washegari sai ga shi a ofis, da rigar zuwa coci, rungume da tulu. A gaban ma'aikatana kaf ya tsiyaya ruwan cuku a kofin shayin Dubravka, ya shanye tas, ya goge gashin baki. Mutumin da tun ina amarya yake ce mini 'yar gida, ran nan sai ya ce, “Ranki ya daɗe, Injiniya, ga ƙazantar taki na sha, a kira mini likita.” Ya sake cikawa ya tura mini. “Sha mana. Uwata da shi take maganin hanta. Mijinki da shi ya rayu a saman turkena, lokacin ban ji ya ce ƙazanta ba ne.” Ya ajiye tulun a kan teburina ya fita. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ki gane, ba mugu ba ne. Har zuciyarsa bai yarda abin da ake sha zai kashe kifi ba. Predrag ma dariya ya yi wa Dubravka, wai su je su kama masu rini, shi madara yake zubarwa, kifayen gari su gode Allah sun samu karin kumallo.

Su kuma masu rinin idonsu na kaina. Fikret, ɗaya daga cikinsu, wanda na tilasta wa gina tankin tacewa har ya daina gaishe ni, yana zaune a gidan gahawa yana cewa ruwan da ba shi da kum ne kawai ke da laifi, bari ya nemo jariri shi ma ya yi masa aski. Abin ya ƙona mini rai, don in na kau da kai gaskiyarsa ce. In na bar Obrad, gobe Fikret zai buɗe nasa bututun, kogin ya koma shuɗi, kuma ba ni da bakin magana. Ga shi da zarar ciyawa ta fito madara za ta ninka. Doka ta ce in bai gyara ba kafin lokacin, a toshe masa bututu, kuma toshe bututu daidai yake da rufe masana'antar, da shi da matan ƙauyen da ke kawo masa madara.

A gida ma ba sauƙi. Nusret ya daina tsokanata, sai ya zauna yana juya cokali a kofi. Surukata, mahaifiyar Nusret, ta rantse ba mai taɓa kan Nedim sai Obrad, ko da gashin zai kai ƙasa. Elvedin ya ce a kai yaro shagon aski a huta, kakarsa ta jefe shi da silifa. Abu ɗaya ke sanyaya mini zuciya: Stanka matar Obrad ba ta fasa aiko mana da cuku duk Asabar ba, a ɓoye, ta hannun maƙwabciya. Ni kuma na kasa ci, ina tsoron kada ya zama cin hanci, na kasa mayarwa, don mayar wa kum da kyauta yanke zumunci ne. Firjina ya cika da cuku, Inna, ko wurin ajiye ƙwai babu.

Me zan yi? In ajiye aikin? In toshe bututun in rasa mutumin da ya ɓoye mijina? Ba na son a ce a hannuna almakashin nan ya daina zuwa gidanmu, kuma ba na son in sake ganin kifi ciki sama.

Taki,
Mai tsaron lambatu

*

'Yata mai tsaron lambatu,

Da farko ki buɗe firjin nan ki ci cukunki. Stanka tana aiko shi tun kafin ki san hanyar ofis, ba ta fara don bututu ba. Saƙo ne take aiko miki cewa ƙofarsu ba ta rufu ba, ke kuma kin bar saƙon yana tsami kusa da ƙwai.

Batun ajiye aiki ki cire shi daga ranki. In kin tafi, wanda zai gaje ki zai toshe bututun ba tare da ya san waye Obrad ba, kin ga an yi asarar ke da shi duka. Batun kau da kai ma babu shi. Fikret bakinsa ba daɗi, amma a nan ya fi ki hujja, kuma kogin na tsofaffin gindin gada ne da su Nedim, ba naki ba ne balle ki yi kara da shi.

Abin da za ki yi a ofis mai sauƙi ne. Ki je wajen na gaba da ke ki faɗa masa a fili cewa mai masana'antar nan kum ɗinki ne, don haka hukunci ya koma hannun Dubravka, da wa'adi da gwaji da komai, daidai da yadda aka yi wa masu rini. Kada ki sa mata baki, ko na sassauci ko na tsanani. Da haka kin rufe bakin gidan gahawa, kin kuma saki hannunki ya yi abin da ya fi hukunci amfani.

Yanzu bari in ɗan ja miki kunne. Ku mutanen ofis kalma ɗaya kuke da ita ga kowa, ba ku jin nauyinta. Shi kuwa tsohon nan abin da ya shiga kunnensa shi ne 'yar gida ta aiko baƙuwa ta ce masa madararsa ƙazanta ce, madarar da ya ciyar da mijinta da ita. Wannan ne ya sa shi saka rigar coci. Ni ma da ruwan cuku aka raine ni, da wani ya kira shi ƙazanta a gaban uwata da ya sha ludayi. Ya yi kuskure da ya kunyata ki a gaban ma'aikatanki, ya kuma yi kuskure babba da ya goranta abin da ba a gorantawa, ina kuma kyautata zaton shi ma abin na cin sa. Amma ke ce ƙarama, ke za ki taka ki je gidansa.

Ki sayi gahawa da sukarin ƙwaya kamar yadda ake zuwa gidan manya. Ki tafi da Nusret, ya isa haka da juya cokali, kum ɗinsa ne tun kafin ya zama naki. Ki ɗauki Nedim da zarensa a ka. Tulun da aka bari a teburinki ki wanke shi ki mayar. Kada ki je da takarda ko ɗaya.

In an zauna, ki roƙi Stanka ta zubo miki ruwan cukun, ki sha a gabansa, don wancan kofin da ya tura miki har yanzu yana jiran ki. Sannan ki ba shi gaskiyarsa: abinci ne, kalmar ofis ce ta yi kuskure. Ki bar shi ya ji daɗin nasararsa, ya murza gashin baki. Daga nan sai ki tambaye shi, a hankali, cikin ladabi. Ki ce masa, mu a da in gutsuren burodi ya faɗi a hanya muke ɗauka mu sumbata mu ɗora a kan katanga, Musulminmu da Kiristanmu, yaushe muka fara zuba abinci a inda ruwan masai ke bi? Ki yi shiru bayan nan, kada ki ƙara da bayanin ƙananan halittu. Mutumin da ya sha ruwan nan a gaban jama'a don ya kare masa mutunci ba zai iya amsa miki ba, kuma ba zai so Stanka ta ji ya kasa ba.

Sai ki fito da abin da kika iya, wanda shi ne rabin aikinki. Motar da ke hawa dutse ɗaukar madara fanko take tafiya, me zai hana ta hau da ruwan cuku, matan ƙauye su ba maruƙansu? Wanda ya rage a sake dafa shi a fitar da urda, cukun nan mai laushi da mutanen birni ke nema ruwa a jallo. Wannan ɓangaren ki bar wa Predrag, ki bari ya ɗauka shi ya ƙirƙiro, zai fi saurin yi. Ruwan wanke-wanke kuwa tankinsa dole ne, kamar na Fikret, Dubravka za ta nuna musu.

Ba zan ce miki lalle zai sauko a zama ɗaya ba. Tsofaffinmu na kan dutse wuyansu ba ya lanƙwasuwa da wuri, kuma yana iya yiwuwa a toshe bututun na ɗan lokaci kafin ya gyara. In haka ta faru, ki daure, ki ci gaba da kai gahawa. Gayyatar aski kuwa ki yi ta a ranar, kafin ki tashi, ba tare da kin ɗaura ta da maganar ruwa ba. Ki ɗora masa yaron a cinya, ki kwance zaren, gashin ya zubo masa a ido, ki ce Kum, jikanka ba ya gani.

Allah ya raya Nedim, ya ba shi kogin da zai kama kifi a ciki, ya kuma bar almakashin nan a hannun da ya saba da shi. In an yi askin, ki aiko mini da urda ko kaɗan ne.

Innarki,
Zumreta