Na Kulle Rijiyar Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan, ya ja da kwana. Mu ma ana nan ana lallaɓawa. Matar Auta ta sauka, an sami namiji.

Saƙonki ya iso, cewa a aiko miki da jarka guda ta ruwan rijiyar Baba, don na famfon can ba ya kashe miki ƙishi. Na gane. Ni ma har yau ina jin ƙarar guga in ya faɗa ruwa, ina ganin randunan Inna uku a inuwar ɗakin girki. Ta farko a jefa alif laka ta kwanta, ta biyu a tace da farin ƙyalle, ta uku ta sha ce, da faifanta da moɗarta, wanda ya tsoma hannu ya sha ranƙwashi. Ko ruwan sama ya dama rijiya kwana uku, ba mu taɓa kwana da ƙishi ba. Yanzu randunan sun fashe, sai tankin roba da ba wanda ya taɓa leƙa cikinsa.

Yaya, rijiyar ta lalace. Auta ya haƙa masai kusa da ita, na auna da ƙafata, taku goma sha biyu. Da damina ta yi nauyi ruwan ya soma wari. Kin san abin da muka tashi muna ji, wai rijiyar Baba ba ta cutar jininsa. To, har yau a kansa suke. Baƙi da surukai ake tafasa wa ruwa, 'ya'yan gida a ba su ɗanye. Takwararki, 'yar Auta ta fari, kwananta huɗu a asibiti ana ƙara mata ruwa saboda amai da gudawa.

Na ce a tafasa wa kowa, a cika jarkoki masu murfi a ajiye, a sa maganin tsabtace ruwa. Auta ya ce boko ya cinye ni, wai ni mai digiri in bari sai an tambaye ni. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane yadda cuta ke bin ruwa, a gidanmu ko ƙarfe nawa ba a tambayata.

Shekaranjiya na sa wa murfin rijiyar kwaɗo, makullin yana aljihuna. Ana sayen ruwa a waje, kuma ba mai gaishe ni. Auta ya rantse ranar suna zai ɓalle shi, don ba za a yi taro a gidan Baba da ruwan saye ba. Saura kwana biyar. Ke ce babba, ke kaɗai yake jin maganarki. Ki kira shi kafin ranar. Jarkar kuwa ki yafe mini, ba zan aiko ba.

Ki gaida maigidan, da ɗanki Babba da matarsa, da jikoki duka. Goggo tana gaisuwa.

Ƙaninki,
Malam