Maɗacin Baba da Kuɗin Iska

Litinin, 5 ga Mayu

Yau ma majalisa ta yini a kan maganar hayaƙi. Ina ɗinki a falo, rediyon maigidana Malam na bakin taga yana ta zuba. Abin da na gane: gwamnati na so kamfanonin da ke fitar da hayaƙi su riƙa biyan masu itatuwa don su bar su a tsaye, sai a rage musu nauyin ɓarnarsu. Mutanen gari sun sa masa suna kuɗin iska. 'Yan adawa sun ce sayen izinin ɓarna ne kawai. Wani har da dukan tebur.

Malam ya ce duk cikinsu babu wanda ya taɓa shuka ko barkono.

Ni abin da ya faɗo mini, an koya mana wanda ya kasa azumi shi ke ciyarwa, ba mai lafiyar da ya ga yana da hali ba. Ban furta ba. Wa ya tambaye ni.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yaya ya zo bayan la'asar da hular jam'iyya a ka. Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa kusa da keken ɗinki, yadda yake yi in da abin da yake so.

Maganar gonar Baba ce, wadda muka gada ni da shi ba mu raba ba. Shi aka ɗora wa shirin kuɗin iskar a mazaɓarsu tun kafin dokar ta wuce, ya ce in gonar gidansu ba ta shiga ba, da wane baki zai kira ta wasu? Sai dai akwai sharaɗi. Ba a biya don itacen da dama ba za a sare shi ba. Dole kowane magaji ya faɗa a gaban ma'aikaciyar kamfani cewa muna shirin sarewa ne, shirin nan ya tsayar da mu.

Na tambaye shi yaushe muka yi wannan shawara. Ya ce magana ce ta fatar baki, kowa haka ya faɗa, har limaminsu. Ban sani ba ko gaskiya ne na limamin. Allah Ya yafe mini zato.

Asabar, 10 ga Mayu

Na juya abin ta ko'ina, ya ƙi zama. Niyyar da ban yi ba, yaya zan ce na yi?

Na kira Yaya. Ya ɗaga murya, wai ni kaɗai ce mai tsoron Allah a dangi, wai so nake 'yan adawa su yi masa dariya a kasuwa. Na bari ya sauka, sannan na ce, “Yaya, da a ce gatari ya taɓa ko guda ɗaya, da na faɗa da gaskiyata. Amma ko reshe ba mu taɓa yankewa ba.”

Can ya ce, “To, Malama. Na ji.”

Na ɗauka ya haƙura. Har na ji sanyi a raina.

Talata, 13 ga Mayu

Yaya bai kira ba. Zip ɗin rigar 'yar maƙwabta ya sake lalacewa.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mai noma mana gonar ya kira Malam da hantsi. Muka tafi.

Tun daga titi na ga sama ta buɗe a wurin da ban saba ganin ta ba. Babban maɗacin Baba yana kwance, rassansa sun danne shingen yamma. Garin katako ja ya rufe ƙasa, ƙamshin ɗanyen itace ko'ina. Mai injin yankan itace yana zaune a kan gindin yana shan ruwa. A ƙarƙashin maɗacin nan Baba yake zaunar da mu yana biya mana karatu in rana ta yi zafi. Har ƙusar da yake rataya buta tana nan a jiki.

Yaya ya taho, idonsa ja. Ya ce, “Ga shi, Auta. Yanzu babu ƙarya a ciki. Don ke na yi.”

Kuma ba gatse yake yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce babban ya zaɓa don kada a ce wasa muke.

Ban yi kuka a gabansu ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Malam na ta ce mini ba ni na riƙe inji ba. Haka ne. Amma bakin wa ya fara ambaton gatari?

Na kasa koya wa matan unguwa karatu yau. Na ce musu kaina ke ciwo. Yana ciwon kuwa, kaɗan.

Laraba, 21 ga Mayu

Ma'aikaciyar ta zo gona, yarinya mai ladabi, ta rusuna ta gaishe ni. Ta kunna wayarta ta ce, “Mama, da gaske kuna shirin sare itatuwan nan?”

Na ce, “An ma riga an fara.”

Ko harafi ɗaya na ƙarya babu. Ta ɗauki hoton kututturen ta kowane gefe, ta ce irin wannan shaidar suke nema, da ma kowa haka. Yaya ya raka ni har mota ya buɗe mini ƙofa. Rabonsa da yi mini haka tun ina amarya.

Asabar, 24 ga Mayu

Dokar ta wuce. A rediyo, na gwamnati yana ta lissafa itatuwan da aka ceta, na adawa yana cewa itatuwa ne da babu wanda ya yi niyyar taɓa su. Malam ya dube ni, ya miƙa hannu ya rage murya.

Litinin, 2 ga Yuni

Maman 'Yan Biyu ta tsaya bayan an tashi karatu. Mangwarorin mahaifiyarsu ne, ƙannenta sun matsa mata ta faɗi irin maganar. Ta ji an ce ni na samu hanyar da ban yi ƙarya ba, shi ne take so in koya mata.

Na daɗe ina gyara zare a allura. Sannan na ce, “Ki faɗa musu abin da suke son ji. Kada dai ki bari kowa ya je wurin da gatari.”

Ta zuba mini ido. “Malama, ke ce kuwa?”

Na ce ta gaida gida.

Da na idar da la'asar na zauna in nemi gafarar abin da na gaya mata. Na jima da carbi a hannu. Ban dai fara ba tukuna.