Kawunan Sojojinka, Baba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Ko da kana raye ma wani za ka miƙa wa ya karanta maka, kana kallon gefe kamar ba 'yarka ce ta rubuta ba. Amma tambayoyi sun yi mini yawa tun ranar sadakar arba'in, kuma ban san wanda zan kai wa su ba in ba kai ba.

Gida lafiya lau. Geron gonar hanyar Tsarnawa ya shiga rumbu, wake ne dai bai yi kirki ba. Inna tana takaba, ta rame, amma bakinta bai rame ba. Maigidana ya bar ni in zauna da ita har ta fita. Jar akuyar nan da kake yanke wa gashin wutsiya kana ɗaurawa a tsinke don shafa fenti ta haifi biyu, wutsiyarta ma ta fara cika. Inna ta ce a gidan nan ita kaɗai ce rasuwarka ta yi wa rana, sai kuma ta juya fuska bango.

Sojojinka suna nan a ɗakin zaure, kan tsohon ƙyauren da ka kwantar ka yi musu ƙasa. Kullum da safe nakan ɗaga zanen da ka rufe su da shi in duba. Fadamar shinkafar da ka yi da laka tana nan, da ruwan da ka yi da fasasshiyar koriyar kwalba, da gorar da ka yi da tsinken tsintsiya, da 'yar gadar da ta karye a tsakiya. Ka ce mana sunan ƙasar Indoshin, can Faransa ta kai ku yaƙi kuna samari, iyakar abin da ka taɓa faɗa ke nan. Sauran labarin a yumɓu ka zuba shi. Tun ina lakwal, ina karatun boko, nake laɓewa bayan ƙofa ina kallonka kana murza shi da yatsu, kana fitar da takalmi da ɗamara da bakin allura, kana binne su a rushin murhu bayan Inna ta sauke tuwo. Na ga yadda kake haɗa ragowar fentin da masu gyaran mota suke ba ka, rawaya da kore da ɗan baƙi, har ya zama kalar kakin da kake so. In bai yi ba sai ka yi tsaki ka goge. Ina ka koyi wannan, Baba? Wani ka gani yana yi a can, ko hannunka ne ya fara da kansa? Ni 'yar fari ce, ba ka taɓa kiran sunana ba, "ke 'yar lakwal" kake cewa, ni ma kunya ba ta bar ni na tambaye ka komai ba. Amma ka sani babu abin da na fi so a gidan nan kamar in ji warin fentin nan daga zaure.

Ka tuna rigimarku da Baffa Sani? Ya ce gumaka ne, mala'iku ba sa shiga gidan da suke, a fasa. Ka yi kwanaki ba ka ci abincin kirki ba. Daga baya shi da kansa ya ce in babu kai ba a kiran abu sura. Sai ka koma kana gina kai daban, jiki daban. Tun yumɓu yana ɗanye kake soka ƙayar aduwa a wuya ka zare, in an gasa sai ka liƙa ƙayar a ƙasan kan da ƙaro. In za ka yi aiki ka dasa musu kawunansu, in an kira salla ka tsince su ɗaya ɗaya ka zuba a gwangwanin madara. Baffa yakan ce bai taɓa ganin rundunar da ake fille wa kai kafin kowace salla ba sai taka, kai kuma ka ce masa ai su sun saba.

To a haka ka bar su. Ranar da ciwon ya kayar da kai kawunan suna cikin gwangwani, jikkunan suna tsaye a fadama, kuma babu wanda ya san na wane ne na wane.

Da ban damu ba. Sai ga wani mutum ya zo ta'aziyya daga Malbaza, sunansa Hamidu, yana aiki inda ake yin siminti, gashin girarsa ma fari fat da shi. Bayan mutane sun ragu ya sa aka kira ni. Ya ce shi ɗan Mamman ne, mutumin Illela, ta Adar ba ta tsallaken iyaka ba, wanda kuka tafi soja tare. Yana ciki aka tafi da ubansa, bai dawo ba, babu hoto, babu takarda. Ya ce tun yana yaro ake yi masa gori wai uban ya jefar da bindiga ya gudu, ya auri wata a can ya manta da su. Har yau in ya yi faɗa da wani a wurin aiki da wannan ake rufe masa baki. Uwarsa ta tsufa, ba ta sake aure ba, ba ta kuma taɓa ce masa ƙarya ne ko gaskiya ne ba, don ita ma ba ta sani ba.

Ya ce bara ka tare shi a kasuwar Ƙonni, ka riƙe masa hannun riga ka tambaye shi ɗan wane ne. Daga nan duk ranar kasuwa in ya zo sai ka zaunar da shi wurin mai shayi, ka ce ya juya nan, ya juya can, kana kallonsa har kunya ta kama shi. In ya tambaye ka labarin ubansa sai ka ce ya sha shayinsa. Ganinku na ƙarshe ka ce masa ka gama, ya zo gida ya ga ubansa. Ya ɗauka tsufa ne, ya ce sai wani makon. Baba, me ya hana ka faɗa masa da baki? Shekara kusan arba'in, Illela ba nisa, me ya hana ka zuwa wurin matar nan?

Na ɗaga masa zanen. Ya tsaya yana kallon jikkunan. Akwai wanda ke harbi a durƙushe, akwai mai akwatin waya a baya, akwai na kwance a bakin ruwa, akwai wanda ke goye da wani a tsakiyar ruwa. Akwai kuma guda a can gefe, ya ba sauran baya, ƙafa ɗaya a sama, babu bindiga. Idonsa a kan wannan ya tsaya. Na ce ya ba ni zuwa ranar arba'in.

Ban san abin da na ɗaukar wa kaina ba sai da na juye gwangwanin a faifai. Kawuna kamar 'ya'yan magarya suna birgima, kowanne da ƙayarsa. Sai da na kai su rana na ga irin aikin da ka yi. Wannan da tsagen Gobir, wancan da na Zabarmawa, wani da irin wanda ban taɓa gani ba, wani Bature da jan hanci. Ashe duk ka san su ɗaya ɗaya. Su waye su? Wa ya dawo, wa ya kwanta can?

Na Mamman bai ba ni wuya ba. Faffaɗan goshi, kunnuwa a tashe, leɓen ƙasa mai kauri, Hamidu ne sak, girar siminti kawai ya rasa. Wannan ma ya tsaya mini a rai. Kamannin ne suka yi yawa haka, ko fuskar abokinka ce ta ɓace maka ka je ka aro ta wurin ɗansa?

Jikin ne abin tsoro. Ka san me na yi tunani? Na ce ai babu wanda ya sani, in ɗora shi kan mai harbi a durƙushe a wuce wurin. Na gwada ma. Sai kan ya ƙi zama, ƙayar ta tsaya rabi, ya karkace kamar na mai ciwon wuya. A nan na gane kowace ƙaya da raminta. Wata doguwa, wata gajera, wata ka soka ta a miƙe, wata a kishingiɗe, gwargwadon yadda mutumin yake kallo. Ba a yi musu ƙarya. Da gangan ka yi haka, ko aikin ne ya zo da shi?

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na bar mai gudun nan sai ƙarshe. Bai shiga mai akwatin waya ba. Bai shiga na kwance ba. Da na zo kan wanda ke goye da wani a cikin ruwa, ƙayar ta zame ta zauna kamar an mai da tabarya turminta, kan ya sunkuya gaba yadda mai ɗauke da nauyi yake yi. Na zare na sake sawa, haka. Duk da haka sai da na gwada shi a kan mai gudun, don in iya rantsewa. Bai shiga ba. Na mai gudun wani yaro ne mai buɗaɗɗen baki, da ka yi wa fuska da tausayi ƙwarai, kuma da na duba hannunsa da kyau kamar kira yake yi, ba gudu ba. Wannan ma ban sani ba.

Saura wanda aka goya. Kai guda ne ƙayarsa ta fito ta gefe, ya kwanta a kafaɗar Mamman ido a rufe. Saurayi ne siriri mai sumar kai, ban san shi ba. Ina cikin juya shi Inna ta leƙo za ta yi mini faɗan na bar tukunya ina wasan 'yar tsana kamar mai gidan. Ta karɓa ta kai kusa da ido. Ta ce wannan ai shi ne, ga billensa a kuncin hagu, haka yake lokacin da ya zo zance yana ɗingishi yana cika baki, sai dai ya ƙara wa kansa hanci. Ta yi dariya har hawaye, daga nan hawayen suka ci gaba su kaɗai. Na duba cinyar hagun, na ga ɗigon jan fenti daidai inda kake dafawa in sanyi ya shigo. Ka ce mana jaki ne ya harbe ka, Baba. Har na girma ina tsoron bayan jaki saboda kai.

Ranar arba'in, bayan an watse, Hamidu ya shigo zaure tare da Baffa Sani. Ban yi bayani ba, kan na ba shi na ce ya gwada da hannunsa. Da mai gudun ya fara. Ya danna, ya juya, ya ƙi. Ya bi sauran har ya kai inda na kai. Da kan ya zauna sai shi ma ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, ya daɗe yana kallo. Baffa ya sunkuya ya ga billen, ya gane ka, ya ce ashe abin da wannan mutumin ya ɓoye mana ke nan. An kira la'asar, muka dube shi, ya ce a bar su tukuna, shi bai ji kiran da kyau ba.

Hamidu ya roƙi ya kai wa uwarsa ta gani, tun idonta yana gani. Na je ɗagawa sai na tarar ba ku rabuwa, curi ɗaya ka gina ku, wuta ɗaya kuka sha. Na tambayi Inna. Ta ce a ba shi, ai tun farko ubansa ne ya kawo mata kai, in ya ɗauka aro ba laifi, amma a dawo mata da kayanta. Na naɗe ku a auduga cikin kwanon sha, kawunan na ƙulle su daban a bakin ƙyalle saboda Baffa.

Akwai abin da har yanzu ban gane ba. A bayan ƙyauren na sami wani curin yumɓu naɗe da tsumma, ya bushe, ka fara fitar masa da ƙafafu ka tsaya. Mamman ne bayan ya sauke ka? Ya koma cikin ruwan ɗauko wani? A can ya tsaya? Hamidu ya tambaye ni, na ce ban sani ba, kuma ban taɓa shi ba. Wani lokaci nakan ji kamar in jiƙa shi in gwada, sai in tuna ni ban ga wurin ba.

Sauran na gama dasa musu kawunansu, kowa ya sami nasa, ina tsince su in an kira salla yadda kake yi. Wurinku ne kawai fili a tsakiyar koriyar kwalbar. Jiya direban motar Illela ya aiko cewa kun sauka lafiya, tsohuwar ta sa an ajiye ku a kan akwatinta, Mamman yana goye da kai.

Sai mun zo, Baba. Allah ya jiƙanka, ya jiƙan wanda ya goya ka.

Ni ce 'yarka ta fari,
'Yar lakwal.