Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Jan Fenti

Zuwa ga Alhaji, mai shagon babura na bakin tashar mota, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ciniki. Ban rubuta sunanka ba, Alhaji, kuma ba tsoro ya hana ni ba. Shago mai shuɗiyar ƙofa guda ɗaya ne a layin nan, kuma tun da kuɗin fetur suka shigo aka yi ƙarin albashi, duk ma'aikacin da ya hau sabon babur a garin nan ya san hanyarsa. Ni ne Umaru, malamin firamaren nan da ka rantse a gaban 'yan sanda cewa ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Sau biyu ina aiko maka da takarda ka yi shiru, shi ya sa wannan karon na rubuta a inda kowa zai karanta.

1. Ranar wata Talata, mako biyu bayan ƙaramar salla, na sayi jan babur a shagonka. Kai da kanka ka miƙo mini makulli, ka goge tankin da hannun rigarka, ka ce jiya aka fito da shi daga akwati. Rasit ɗin da ka rubuta mini ba lambar inji, ba hatimin shago. Na lura, amma murna ta rufe mini baki. Shekara huɗu ina tuƙa keke daga Gidan Dahala zuwa makarantarmu can wajen Arkilla, kuma wanda ya sha irin wannan rana ba ya tsayawa yi wa rasit karatun ta-natsu.

2. Ni ɗan dukawa ne, cikin fata da zare na tashi kafin a kai ni boko. Na san yadda ranar garin nan ke cinye fenti, sai na ce bari in yi wa abina sutura da hannuna. Na sayo baƙar leda mai kauri, irin ta kujerun mota, da gwangwanin gam. Na kwance tankin, na juye man, na wanke na shanya. Na fitar da siffar kowane gefe a takarda, yadda mahaifina ke yi kafin wuƙarsa ta taɓa fata. Na shimfiɗa ledar a rana har ta yi laushi, na shafa gam, na riƙa dannawa da kwalba daga tsakiya zuwa baki don kada iska ta ɓuya a ciki. Gefen dama ya kwanta lafiya lau, har ina yabon kaina. A gefen hagu, wajen lanƙwasar tankin, ledar ta tattare. Na ɗaga ta don in gyara, sai jan fentin ya biyo ta kamar ɓawon dafaffen dankali. A ƙarƙashi farin fenti ne, da koren rubutu: sunan wata ma'aikatar gwamnati, da lamba.

3. A nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Maimakon in nemi dattawa su shaida, sai na rungumo tankin na nufo shagonka, a zatona kai ma cutarka aka yi. Ka karɓe ni da fara'a. Ka zaunar da ni a benci, ka sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ka ce bari ka kira makanike. Makaniken naka su biyu ne, kowanne da kulki. A gabana ka ce ba kayanka ba ne, ka ce wannan rasit kowa na iya rubuta shi. Sannan ka nuna musu ledar, ka tambaye su wane mai hankali ne zai lulluɓe sabon babur in ba yana da abin da yake ɓoyewa ba. Ga gam a yatsuna bai bushe ba. Aikin da na yi don tattalin abina, shi ka mayar shaida a kaina, kuma ban ko gama shan lemon ba.

4. Kwana goma sha tara na yi a tsare. Ka fi ni sanin abin da ake nufi da a kama mutum da kayan gwamnati a zamanin soja. Ba mai tambayarsa yadda aka yi. Da ƙyar ƙanin mahaifina ya samu belina. Babur ɗin yana can a ajiye a hannun 'yan sanda, ni kuwa na fito na tarar da takardar dakatarwa daga aiki, kuma kwamiti zai zauna ranar Litinin ta ƙarshen watan nan ya yanke ko a kore ni. Amma ba babur ne ke hana ni sukuni ba, ba ma albashin ba. Sunana ne. Yau in na shiga masallacin unguwarmu, akwai mai jawo takalminsa kusa da gwiwarsa. Mahaifina, wanda ya shekara arba'in mutane suna barin fatunsu a rumfarsa ba a taɓa neman ko ƙyalle an rasa ba, yanzu sunkuyar da kai yake yi in ya bi ta kasuwa. Wannan ban yafe maka ba, Alhaji, kuma ba na jin zan yafe.

5. Da yake ka sama mini hutu, na ce kada ya tafi a banza. Na baza labari cewa duk wanda ya sayi babur a shago mai shuɗiyar ƙofa, ya kawo in lulluɓe masa tanki kyauta, ledar ma tawa ce. Ka san mutanenmu da kyauta. Sharaɗina ɗaya ne: kafin in fara, zan manna 'yar leda kamar tafin hannu a gefen hagu, in bar ta ta sha rana daga azahar zuwa la'asar, in ɓare a gaban mai shi. Fentin kirki ba ya motsi. Na mai fentinka kuwa, Allah sarki, ko kai ka yi masa rowa, ko shi ya yi maka. Babura bakwai na gwada, huɗu sun nuna fari da kore. Da farko kowannensu ya tsorata, wani har ya so ya tura nasa kogi, don sun ga abin da ya same ni. Sai na ce kowa ya kawo rasit ɗinsa. Muka jera su da nawa a kan tabarma: rubutun hannu ɗaya, alƙalami ɗaya, kuma duka biyar ba lambar inji. Akawu ne, da malamin asibiti, da mai sayar da hatsi, da tela. Ba wanda ya san wani kafin ranar. In duk ɓarayi ne mu, to shago ɗaya muka yi wa fashi, kuma mai shagon ya ba mu rasit.

6. Na takwas shekaranjiya aka kawo shi, kuma wallahi ban so ya zama shi ba. Ladanin masallacin unguwarku ne, dattijon nan da ka ba babur sadaka bara, ka tara jama'a bayan sallar Juma'a aka yi ta sa maka albarka. Ya ji labarin kyautar leda, ya ce shi ma yana son ya kare abin da bawan Allah ya ba shi daga rana. Na manna ledar, da la'asar na ɓare, sai ga fari da kore. Ya daɗe yana duban koren rubutun, ya sa na karanta masa sau biyu. Bai zage ka ba. Ya zare makullin ya ajiye a kan tabarmata, ya ce shekara guda ke nan yana zuwa kiran salla a kan haram bai sani ba. Da ƙafa ya koma gida, ya ƙi ko a rage masa hanya.

Ga abin da nake nema. Ka je gaban kwamitin da ƙafarka, ka faɗa da bakinka cewa kai ka sayar mini da babur ɗin. Ka je ofishin 'yan sanda ka janye rantsuwarka. Sannan ka zo masallacin unguwarmu ka maimaita a gaban mahaifina, da ƙarfi, don kunnensa ya soma nauyi. Ban ce ka roƙe ni gafara ba, ka riƙe abarka.

Na ba ka daga yau zuwa Alhamis. In ba ka yi ba, ranar Juma'a da an sallame za ka tarar da babura biyar a ƙofar shagonka, tankunansu tsirara, kowanne da mai shi tsaye a gefe da rasit a hannu, ban da ɗaya wanda sadaka ce ba ta da rasit. Ni ba zan ce uffan ba, tunda ka riga ka mai da ni mutumin da ba a gaskata maganarsa. Ladan ne ya ce shi zai yi bayani, kuma muryarsa kai ma ka san inda take kaiwa.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, Alhaji. Allah ya kare ka daga ciwo, da tafiyar gaggawa, da duk wani uzurin da zai hana ka buɗe shago ranar Juma'a.

Wassalam.

Umaru ɗan dukawa,
Gidan Dahala, Sakkwato.